Matar da Ke Cikin Hoton

Shekara ashirin da bakwai ke nan
Rosaura Millapán tana zana ni,
har yau ba ta gama da hannuwana ba.

Ran farko a bakin tekun Valparaíso ne.
Ina gyaran kifi, ƙaya ta shige mini farce,
ta tsaya da guntun gawayi da takarda mai maiƙo,
ta ce, "Kar ki motsa."
Na ce, "Yarinya, kifi ba ya jira."
Sai ta saye kwandon duka da kuɗin hayarta.

A lokacin sunayen kwalekwale take rubutawa
a ba ta na burodi.
Masu gidajen nuni na Santiago suka ce
zanen mutum ya sha ruwa,
yanzu layi da ɗigo ake yayi.
Ta hau tudunta, ta ci gaba da mu:
Evaristo mai ɗinkin taru, da giɓinsa,
tagwayen Fresia suna barci kan buhun gishiri,
ni da wuƙata.

Shekarar da wuta ta hau tudun
ta cinye mata hotuna ɗari da sha ɗaya.
Ban ga hawayenta ba.
Na dai gan ta tana kwasar toka a gwangwanin madara.
Da ita ta kwaɓa fenti,
shi ya sa fuskata ta biyu ta fi ni duhu.

Daga baya ta zo da kyamara da rakoda,
ta ɗauki tarina, da cinikina,
da ƙwas-ƙwas ɗin wuƙa kan katako.
Ta zana jikina ba hannu,
ta haska hannun da majigi, yana ta aiki
a jikin da ya tsaya cak.

An ce a Rotterdam baƙi na tsayawa gabana shiru,
ni da ban taɓa hawa jirgin sama ba,
ni da ba a taɓa yi wa shiru a kasuwa ba.

Jiya ta sake zuwa, furfura ta cika kai,
tabarau ɗaure da zare.
Na bar kifi tun bara, gwiwa ta ƙi.
Na zauna mata kamar dutse,
yadda ta roƙa tun tana yarinya.

Ta juya tafina, ta daɗe tana kallo,
ta ɗauko wuƙar daga kan kanta, ta miƙo.
Ta ce, "Motsa, Orfelina."