Benen Inna

Shekara tara na yi a Tarabulus
ina wankin tukwane a kamfanin masu shimfiɗa hanya.
Da alkawari na bar gida:
Inna, in na komo Tawa
zan gina miki bene, ki riƙa hangen kasuwa daga bisa.
Na komo da jaka ɗaya, da tari,
da tabon ƙuna a bayan hannun dama,
da wani girki da kuku ɗan Italiya ya koya mini
ran da yaronsa ya gudu ya bi jirgin ruwa.

Lazanya ake kiransa. Bakin Inna ya ƙi ɗauka.

Yau Lahadi, kasuwa ta ci.
Na sayo albasar Galmi mai jar riga,
mai sa ƙato hawaye ba a yi rasuwa ba.
Na ce wa Ɗan Tsoho mahauci ya daddatsa mini rabin kilo,
ya datsa, na ce ƙara,
ya ce, Asuman, kyanwa za ka ciyar?
Tumatir shida, tafarnuwa, masoro,
da cukun Abalak uku, busassu ƙamas.

Ba ni da fur. Kuran ma tun hantsi ya ɗauke.
Ina ruwan gawayi.

Garin alkama, ƙwai biyu, ɗan gishiri,
na cuɗa har kafaɗa ta tuna da shekarunta.
Kwalbar lemo ce mamurjina.
Na murza, na yanka falle-falle
kamar shafin littafin ƴar makaranta,
na tsoma a tafasasshen ruwa, na tsame,
na shanya bisa faifai.

Miya biyu ake yi.
Ja: albasa ta yi laushi a mai,
nama ya bi ta, tumatir ya rufe su,
a bar su su sasanta a kan wuta kaɗan.
Fara: man shanu, gari cokali biyu, madara,
a dama kamar talge,
hannu ya tsaya, gudaji ya shigo.
Bibata, ɗiyar ƙanwata, ke fifita wuta,
tana tambaya, Kawu, tuwo ne ko waina?
Na ce, gini ne. Miƙo tire.

Jar miya ce harsashi.
Falle a kai. Nama. Farar miya.
Falle kuma. Hawa biyu ke nan.
A hawa na uku wani falle ya yage,
na yi masa faci, ba mai gani.
Na huɗu na rufe,
na daka cuku a turmi, na barbaɗa a soro.

Babbar tukunyar suna na aro gidan Tsahara.
Rairayi a ƙasanta, tire a kan rairayi,
murfi, garwashi a bisa, garwashi a ƙarƙashi.
Daga kiran la'asar
har inuwar katanga ta taɓa randa.
Ƙamshi ya haura, akuyar maƙwabta ta leƙo.
Da na buɗe, saman ya yi ja, gefe yana ɓararraka,
kusurwa ɗaya ta ƙone, tawa ce.
Bibata ta kawo wuƙa. Na ce, dakata,
ba a hawa ɗanyen gini.

Haƙori huɗu ya rage wa Inna.
Rabonta da tsire tun kafin in tafi.
Na yanko mata, na aje gaban tabarma.
Ta ture cokali, ta wanke hannu,
ta karkato da kwano wajen haske
tana duban gefen yankan,
ta bi shi da ɗan yatsa daga ƙasa:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ba ta dube ni ba.
Ta ci. Ta daɗe tana ci.
Sannan ta ce, gishiri bai ji ba,
ta miƙo kwanon.
Ɗebo mini daga hawan sama.