Inda Taragu Suka Kwana

Ruwan Amsterdam ba ya zuba, raɗa yake yi,
ya bi wuya, ya shige ta hannun riga.
Na turo keken Evert har bakin ƙofa,
ya ce, "Dakata, in ga ko za ta gane ni."
Ƙofar gilashi ce, ta buɗe kanta,
ba ta tambayi sunan kowa ba.

Ciki rufi ne mai nisa, ƙarafa sun yi masa haƙarƙari,
a ƙarƙashinsa duniya ta baje tukwanenta.
Ga mai naɗe shinkafa a ganyen teku,
ga ɗan Turkiyya yana aske nama a tsaye,
ga 'yar Surinam da barkonon da ke gaishe ka tun daga nesa.
Hayaƙin wannan na kutsawa cikin ƙamshin wancan,
babu sallama, babu faɗa.

Evert bai dubi ko ɗaya ba, ƙasa yake kallo.
Layin dogo na nan kwance cikin siminti,
takalman mayunwata sun goge shi fes.
"Shekara talatin da ɗaya," ya ce,
"nan taragu ke kwana, ni ke duba musu ƙafafu.
Inda yarinyar can ke matse lemo,
rami ne, ina shigarsa da tocila a baki."

Ya ɗaga wa Lieke mai suya yatsa.
Ta kawo dunƙulalle shida a kwali,
bitabalan, jajaye kamar sabuwar tukunya.
Na tambayi naman. Ta ce na sa ne,
mahaucin ɗan Maroko ne, ta nuna takardarsa a bango.
Ni da na tashi ina tsamo ƙosai da hannu,
wa zai koya min zafi?
Na jefa guda a baki.

Wayyo harshena!
Waje ɓawo ne mai shiru,
ciki romo na tafasa kamar fushin mai haƙuri.
Tofarwa kunya, haɗiyewa azaba,
na tsaya tsakani ina hura iska da hawaye.
Evert ya yi dariya har haƙoran robarsa suka gusa.
"Haka muke mu ma," ya ce. "Sai an jira mu."

Sai ɗanyen kifi, an birkiɗa shi cikin albasa.
A kama wutsiya, a ɗaga kai kamar kaza na shan ruwa.
An ce in ka iske gari kowa da wutsiya, nemi taka;
to ga tawa tsakanin yatsu, tana ɗiga.
Teku ta sauka maƙogwarona da sanyinta.
Ban ce daɗi ba. Ban kuma ajiye ba.

A kusurwa na ga tanda, tandar ƙarfe mai ramuka,
wani saurayi na juya 'yan masa da tsinke,
yana yi musu ruwan garin sukari.
Na daɗe a gabansa fiye da yadda ya kamata,
har ya zaci ciniki ne.

Shayi ya zo. Evert ya sayi waina biyu,
fallaye masu zanen raga, madi a tsakani.
Ya kifa ɗaya a bakin kofinsa,
ɗayar ya riƙe, yana neman wanda zai miƙa wa,
sannan ya tuna, ya turo min.
"Alida kan ƙirga sittin kafin ta ɗauka."
Muka ƙirga, shi da harshensa, ni da nawa.
A wajen arba'in muryarsa ta tsinke,
na ƙarasa mana ni kaɗai.
Madin ya saki jiki, ya biyo haƙori kamar zare.

Da za mu fita, tayar keken ta faɗa cikin layin dogo.
Na sunkuya zan ɗaga,
ya dafa hannuna da yatsu masu danƙon madi.
"Bar ta," ya ce. "Tura kawai.
Wannan hanyar ta san ƙofa."