Faɗin Farce

Ƙarfe biyar na yamma a Duitama,
ruwa ya ɗauke, kwalta na tururi.
Yaran sun sauko daga dutse,
kilomita ɗari da arba'in a cinyoyinsu,
laka har gira,
kowa na jan kekensa kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

Ni ina ɗakin baya, bayan shagon gyaran keke na Arcadio.
Gado ɗaya mai ƙafar ƙarfe, tawul uku,
kwalbar mai da nake ɗumamawa a hammata,
don tsoka ba ta buɗe wa hannu mai sanyi ƙofa.

Wilmer ne ya fara hawa.
Shekara goma sha tara, ɗan manomin dankali daga Sotaquirá,
jiki kamar sillen kara, huhu kamar zugazugi.
Na ce, ina ke ciwo?
Ya ce, babu.
Haka duk suke cewa.
Baki ya iya rantsuwa, ƙafa ba ta koya ba.

Na fara daga agara, sannu sannu,
ina kora gajiya sama
kamar mai matse zuma daga saƙa.
Sha-raɓar dama ta saki, ta yi tuɓus.
Ta hagu ta ƙi.
Ƙarƙashin babban yatsana ga wani ƙulli,
tsakuwa a cikin wake.

Na bi sawunsa.
Ciwo ba ya kwana inda aka haife shi.
Ya haura gefen gwiwa,
ya bi doguwar jijiyar nan ta wajen cinya
da ta ɗaure tamau kamar wayar birki,
har ƙugu. Na danna.
Yaro ya ciji tawul, ya kira sunan uwarsa.

Wa ya taɓa maka sirdi?
Shiru.
Na ce wa ya taɓa?
Ya ce shi ne, mako uku ke nan, ya ɗan ɗaga shi,
ya ga manya a talabijin suna zama can sama.
Faɗin farce kawai.
Faɗin farce, sau dubu ashirin a wuni
ƙafa na miƙa wuya tana roƙon feda.
Da ɗigo ɗigo rufi ke ruɓewa.

Na ce, ranar Lahadi ba za ka hau ba.

Ya tashi zaune, mai na ƙyalli a gwiwarsa.
Ya ce masu neman gwanaye za su tsaya a bakin layi.
Ya ce babansa karsana ya sayar
aka sayi keken nan.
Ya ce aikina tausa ne, ba hukunci ba.

Gaskiyarsa. Ban ja ba.
Na naɗe ƙafar wandona
na nuna masa tawa gwiwar,
tabon ɗinki kwance kamar shanshani.
Ni ma Lahadi ɗaya ce na ƙi bari ta wuce.
Shekara talatin da ɗaya,
har yau ita ke gaya mini za a yi ruwa
kafin rediyo ya faɗa.

Ya daɗe yana kallo.
Sai ya koma ya kwanta rub da ciki, bai ce komai ba.
Na ci gaba.
Minti arba'in ina lallashin ƙullin nan,
ban fasa shi da ƙarfi ba, ba a yi wa tsoka tsawa,
har na ji ya yi ajiyar zuciya a ƙarƙashin yatsana.

Ta bango ina jin ƙarar sifana,
Arcadio na sauke sirdi, ba wanda ya aike shi.
Matarsa Gilma ta shigo da ruwan mazarƙwaila mai zafi
da cuku a ciki yana narkewa.
Yaro ya sha, ya taka ƙasa,
ya taka kuma, yana sauraron ƙafarsa
kamar yau suka fara gaisawa.

Ko zai hau ranar Lahadi, ban sani ba.
Na wanke hannu, na juya tawul.
Akwai ƙafafu goma a bakin ƙofa,
duk sun ce babu inda ke musu ciwo.