Makarantar da Alfadarai Suka Ɗauko

Da ƙasa ta girgiza a ƙauyenmu na tsaunukan Nefal,
duwatsun ajinmu suka zube kamar haƙoran tsohuwa.
Wata bakwai muna karatu ƙarƙashin tamfol.

Sai ga alfadarai goma sha ɗaya sun hauro,
kowanne da ƙarafa a gadon baya,
kowane ƙarfe da lambarsa a goshi.
Tsoho Norbu ya taɓe baki:
"Gini ne wannan, ko gwangwanin madara?"

Ba a kwaɓa ƙasa ba, ba a jira bulo ya bushe ba.
Sifana kawai, da takarda mai zane.
Yangdol, 'yar shekara sha biyu, ke kiran lambobi,
manya na ɗaure noti.
Rana ta tara aka rataya ƙofa.

Gaskiya, in ƙanƙara ta sauko
rufin ya fi ni murya;
sai in ajiye alli mu saurara.

Amma daren da ƙasa ta sake motsi
ginin ya yi rangaji, ya yi kuka, ya tsaya.
Da asuba na tarar da Norbu a ciki,
da bargonsa da jikoki uku,
yana minshari ƙarƙashin allo.