Sai da Ɗan'uwana

Takwas ta wuce a Ikeja.
Shagunan layin Otigba sun sauke ƙofofi,
saura nawa, saura janaretan Kolade
da ke tari a bayan katanga.

Kwamfutar Hajiya Lawiza ce a gabana,
mai kantin magani a Agege.
Manhajar lissafi take so, gobe da hantsi,
ta gaji da biro da littafi mai cin ruwa.

Na ce wa ƙunshin: shiga.
Baƙin allo ya amsa da farin rubutu,
ya ce ba ya shiga shi kaɗai,
yana da ɗan'uwa, suna kamar lambar mota,
sai da shi.

Na sauko da ɗan'uwan,
data tana zuba kamar ruwa a kwando.
Shi ma ya turo ni wajen wasu uku.
Cikin ukun akwai mai taurin kai,
siga ta biyu da ɗigo huɗu yake nema,
ni kuwa ɗigo shida na kawo.
Sabo ya yi masa sabo da yawa.

Kolade ya leƙo da gyaɗa a tafin hannu,
ya ce, tilasta shi mu tafi gida.
Na tilasta bara.
Kwana biyu na yi ina tsince tarkacen
na'urar wani lauya da har yau ba ya amsa gaisuwata.

Sai na juya rasit, na hau rubutu a bayansa,
wane na jiran wane, wane na jiran wane,
har na kai ga na ƙarshe, wanda ba ya jiran kowa.
Daga shi na fara.

Ni ma haka na shigo garin nan.
Hambali ya ba ni lambar Baba Tanimu,
Baba Tanimu ya miƙa ni ga mai ɗaki,
mai ɗaki ya ce kawo wanda zai tsaya maka.
Ban taɓa rubuta sunayensu a bayan komai ba.

Can wajen goma, biyu suka cije,
wannan sai wancan, wancan sai wannan,
kamar danfo biyu hanci da hanci a lungun Oshodi,
ba mai ja da baya.
Na sha ruwan leda, na share zufa,
na jera su a layi ɗaya, umarni ɗaya,
na ce ku shiga tare.

Suka shiga.

Allo bai yi godiya ba,
ya dai daina ƙorafi, ya bar ɗan ƙyaftawa.

Gobe Hajiya za ta danna sau ɗaya,
ta ga farashin maganin tari ya fito,
ba za ta san su goma sha ɗaya ne
ke riƙe da shi daga ƙasa ba.

Na ninke rasit na sa a aljihu.
Ruwa ya fara sauka a kan kwano.
Kafin in nemi mota,
bari in ga ko Baba Tanimu bai kwanta ba.