Almakashin Cikin Jiki

A tashar jiragen ruwa ta Malpica
mahaifiyata Herminia ta shekara arba'in da ɗaya
tana ɗinkin komar masunta.
Almakashi rataye a wuyanta da shuɗiyar igiya.
Kafin ta ƙulla zare ko ɗaya
sai ta datse ruɓaɓɓen da ke bakin ɓarakar.
Takan ce: Iria, wanda bai iya yanka ba
kada a ba shi gyara.

Na tafi Santiago karatu,
na sa farar riga, na duƙufa kan madubin ƙara girma,
ashe zancenta na biyo har nan.
Jikin mutum ma koma ce,
ƙwayoyin halitta na zaune cikin ragarta
kamar kifin da bai san an kama shi ba.
Kuma akwai masu almakashi a ciki,
ƙanana, ba ido, ba suna a bakin kowa,
kowanne da ƙwayar tutiya guda a haƙorinsa.
Cire tutiyar nan, ya zama wuƙar kara.

Su ne ke cinye wutsiyar talibambam
har ya wayi gari kwaɗo.
Su ke share hanya jijiya ta wuce,
su ke kwashe tarkace idan fata ta tsage
don sabuwa ta sami wurin zama.
Shekara tara ina auna cizonsu
a faranti mai rami casa'in da shida.

Amma almakashi ba ya tambayar hannun wa ya shiga.
Na ga ciwon daji ya ɗauke su haya,
sun huda masa katanga,
ya fice ya bi jini kamar ɓarawon da ya san gida.
Na ga guringuntsin gwiwa ya zama rariya.
An taɓa ɗaure su duka da magani ɗaya,
sai kafaɗun marasa lafiya suka sandare,
cutar kuwa ko gezau.
Kashe wutar gari don gida ɗaya na ci,
kowa ya kwana da yunwa.

Bana, da sanyi, ƙugiya ta karce ta a dunduniya.
Ciwon suga ya riga ya zauna mata.
Wata biyar ke nan miki bai rufe ba.
Na ɗauki ruwansa a auduga, na kai ɗakin gwaji,
na san abin da zan gani, na gani:
masu yanka sun ninka masu riƙe musu hannu.
Duk zaren da jikinta ya ƙulla da dare
kafin asuba an datse.

Ran Asabar na koma gida a motar ƙarfe shida.
Ruwan sama na dukan taga, teku na ta masifarsa.
Na wanke ƙafar, na naɗe,
na yi mata bayani da yatsu, ban da manyan kalmomi.
Ta yi shiru, tana murza igiyar wuyanta.
Can ta ce: to yaran naki ba mugaye ba ne,
ba a dai koya musu inda ake tsayawa ba.

Ta miƙo mini komar Anxo da ta yage tun jiya.
Riƙe nan, in ji ta. Kar ki ja.