Aron Kai

Shekara ashirin da uku kaina na sunkuye
a kan keken ɗinki, rumfa ta biyu daga bakin titi, Sabon Gari.
Allura ta san hanyarta, ni ma na san tawa:
ƙasa, kullum ƙasa.

Ran wata Laraba wuya ya ce ya gaji.
Na kai ƙarshen la'asar, na zo sallama,
dama ta ƙi, hagu ta ƙi,
sai na juya gaba ɗaya kamar buhun gero.
Yaron da ke bayana ya ƙunshe dariya a hula.

Barira ta gasa min da tsumma,
ta shafa man kaɗe har matashi ya ƙoshi.
Wata tsohuwa a Bagalam ta mirgina min taɓarya.
Wanzami ya kafa ƙaho uku,
ya tafi da jikata guda, ya bar min ciwona.

Kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa asibiti,
duk ramin da ke titin Maradi sai da ya gaisa da ƙeyata.

Lawali, kine suke ce masa. Ban fi shekara biyu da ɗinka wa sa'o'insa kayan angwanci ba.
Ba ƙwaya, ba allura.
Ya murza tafukansa su yi ɗumi.
"Kwanta, Baba. Ba ni kanka."
Na ce kai ba abin aro ba ne.
Ya ce, "Kafin shayi ya huce zan mayar maka."

Ya tallabe ƙeyata kamar ƙwarya cike da nono.
Yatsunsa suka bi wuyan gaɓa-gaɓa,
mai jan tazbaha a duhu,
suka tsaya a ta biyar.
"Nan ne." Ni ban faɗa masa ba.
Ya danna kaɗan, ya saki. Ya danna, ya saki.
Ba murɗiya, ba ƙas irin ta ƴan kokawa.
Lallashi ne,
irin wanda nake yi wa zik idan ya ciji yadi.

Zuwa na huɗu na ga kafaɗata ta dama,
muka gaisa kamar ƴan uwan da suka daɗe a rabe.
Hagu ta ja aji sai zuwa na tara.

Ya ce in sa bulo ƙarƙashin keke,
in ja haɓa baya sau goma, kamar kunkuru ya ji motsi,
duk riga ɗaya in miƙe in dubi nesa.
Yaran shago na dariya. Su yi. Nasu na tafe.

Jiya Juma'a na yi sallama,
dama a hankali, hagu a hankali.
Sai ga Nomau, maƙwabcin sahuna tun muna samari,
gemunsa fari fat.
Ban san yaushe ba.